Ra'ayi: Kafin ka sayi ƙaramar mota otomatik, tambayi irin buwat ɗin da ke cikinta

Ƙanwata ungozoma ce a wani asibiti a Maraɗi. Shekaru biyu da suka wuce ta ci bashin banki, ta haɗa da kuɗin adashinta, ta sayi ƙaramar mota ƴar Kwatano. Ba don ƙawa ta saya ba. Aikin dare take yi, kuma ta gaji da tsayuwa bakin titi da asuba tana jiran kabu-kabu. Sharaɗi ɗaya ta gindaya wa dillali: motar ta zama otomatik. Shi kuma ya ce mata, "Hajiya, wannan otomatik ce tsantsa, ki taka ki tafi kawai." Bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi gaskiya duka ba. Ina kyautata zaton shi ma iyakar saninsa ke nan.

A zafin watan Afrilu, a kan hanyar Zinder, motar ta fara wani irin kuka kamar injin niƙa, ƙarfinta ya ragu. Da ta dawo gida sai makanike ya ce man buwat ne ya gaji. Ya juye shi, ya zuba jan man da ya saba zuba wa kowace otomatik. Bayan mako uku motar ta tsaya cak: inji na aiki, totur na amsawa, taya ba ta juyawa. Sai da aka sauke buwat aka gane irin wadda ake kira CVT ce, wadda ba ta shan wannan jan mai. Wata biyar motar ta yi ƙarƙashin dogon yaro a gareji, banki kuwa bai fasa cire nasa a ƙarshen kowane wata ba. Ranar da na je duba ta, abin da ta ce mini shi ne, "Yaya, ni fa otomatik na ce, otomatik aka ba ni. Ina laifina?"

Ba ta da laifi. Laifin na kasuwar da muke ciki ne, inda ake kiran abubuwa huɗu daban-daban da suna ɗaya. Abin da masu gareji ke kira buwat, maƙwabtanmu na Najeriya su ce giyabos, shi ne abu mafi tsada a cikin mota bayan inji. Duk da haka mai saye zai duba fenti, ya duba kujeru, ya kunna na'urar sanyaya mota, ya buga farashi, amma ba zai tambayi wace irin buwat ce a ciki ba. Cinikin biri a sama ke nan.

Ra'ayina a fili yake. Ga ɗan Nijar mai neman ƙaramar mota ta hannu, wanda ba shi da kuɗin sayen buwat sau biyu, tsohuwar otomatik mai aiki da mai ita ce zaɓi na farko. CVT tana biye, amma da sharuɗɗa. Mai robo ta zo ta uku, ga wanda ya san abin da ya saya. Mai ambiriyaji biyu busasshe kuwa, a bar wa mai shi kayansa. Ga dalilaina.

Ta farko: ta gargajiya

Wannan ita ce wadda iyayenmu suka sani. Kamfanin General Motors na Amurka ya fara saka buwat mai sauya bitas da kanta a motocin Oldsmobile samfurin 1940, kuma tun daga lokacin ake ta gyara dabarar. A irin da muke gani yau, babu faifan ambiriyaji tsakanin inji da buwat. Abin da ke wurin wani kasko ne rufaffe cike da mai, mai farfela biyu suna fuskantar juna. Inji ya juya ɗaya, ita ta kaɗa mai, man ya juya ɗayar. Saboda haka in ka tsaya a cunkoson gadar Kennedy a Yamai ƙafarka kan birki, babu faifan da ke gogar ɗan'uwansa yana cinyewa. Mai ne kawai ke zagayawa, yana ɗaukar zafi yana kai shi wurin sanyaya.

Ita ce a cikin Corolla ta Amurka mai inji 1.8 daga 2003 zuwa 2013, da Yaris ta Amurka daga 2007, da tsofaffin Kia Picanto da Hyundai i10. Bitas huɗu ne da ita, ba ta da gaggawa, kuma ta fi sauran shan fetur. Amma tana da haƙuri. Takan daɗe tana ba da alama kafin ta mutu, kuma in ta mutu, kusan kowane babban gari akwai wanda ya taɓa buɗe irinta. In gyara ya gagara, ana samun ta hannu a wurin masu saida kayan mota, ko a aika Ƙofar Ruwa a Kano.

Ba duka ne lafiyayyu ba. Buwat mai bitas huɗu da ke cikin Peugeot 206 da 307 da Renault Clio, wadda ake kira AL4 ko DP0, ta yi suna wajen matsalar ƴan bawul ɗin lantarki da ke sarrafa mai. In ta ɗau zafi sai ta buga, ta maƙale a bitas na uku. Ana gyara ta, amma mai saye ya san da haka tun kafin ya biya.

Ta biyu: CVT

Wannan ba ta da bitas na ɗaya, na biyu, na uku. Faifai biyu ne masu siffar mazurari, da bel na ƙarfe a tsakaninsu. Faifan ɗaya ya matse, ɗayan ya buɗe, bel ya hau ko ya sauka, gudu ya sauya ba tare da mataki ba. Duk wanda ya taɓa hawa ƙaramin babur na mata marar bitas ya san dabarar. Kamfanin DAF na ƙasar Holan ne ya fito da ita a ƙaramar mota a 1958. Tana da santsin tuƙi, tana tattalin fetur, kuma in an kula da ita tana daɗewa.

Matsalarta ita ce dukan ƙarfin injin yana bi ta wurin da bel ke manne da faifai. Man da ke ciki dole ya yi aiki biyu masu karo da juna: ya shafa ƙarfe don kada ya ci, kuma kada ya bar bel ya zame. Shi ya sa kowane kamfani ke da nasa man, Nissan na da NS-2 da NS-3, Toyota na da TC da FE, Honda na da nata. In aka zuba wanda ba shi ba, ko nata ya ƙone da zafi, bel ya fara zamewa, ya ƙwarzane faifai, garin ƙarfe ya bi mai ya shiga ko'ina. Daga nan ba gyara ake magana ba, sauyi ake magana. Ko a Amurka, inda akwai garejin kamfani a kowane gari, sai da Nissan ya tsawaita garantin CVT na motocinsa na 2003 zuwa 2010 zuwa shekara 10 ko mil 120,000 saboda ƙorafin masu saye. Mu nan ba mu da garanti ko na kwana ɗaya.

Ta uku: mai robo

Wannan ce ta fi yaudarar mutane, domin a zahiri buwat ce ta hannu. Ambiriyaji na nan, bitas na nan, sai dai an cire fedar ƙafa an saka ƴan motocin lantarki ko famfon mai da kwamfuta ke ba umarni su taka su sauya. Toyota na kiran tasa MMT, Opel na cewa Easytronic, Citroën SensoDrive, Peugeot 2-Tronic, Renault Quickshift, Fiat Dualogic. Motocin Turai na shekarun 2000 cike suke da su. In kana tuƙi za ka ji motar ta ɗan sunkuya duk lokacin da za ta sauya bitas, kamar ɗan koyo ne ke tuƙa ta.

Amfaninta shi ne ba ta shan fetur fiye da ta hannu, kuma cikin buwat ɗin kansa mai sauƙi ne. Illarta ita ce faifan ambiriyaji na cinyewa kamar na kowace mota ta hannu, kuma ya fi saurin cinyewa in direba ya ɗauke ta a matsayin otomatik ta gaske, yana jan ta a hankali cikin cunkoso ko yana riƙe ta da totur a kan tudu. In an sauya faifan, sai an haɗa motar da kwamfutar gwaji an sake koya mata inda ambiriyaji ke kamawa. Makaniken da ba shi da wannan na'ura zai saka sabon faifai, mota ta ci gaba da fizga, ya ce ma robon ne ya mutu. Kamfanonin da kansu sun ja da baya: a 2011 Honda ya bar irin wannan buwat a motarsa Jazz ya koma CVT, Toyota ma ya yi haka a Yaris mai shan fetur.

Ta huɗu: mai ambiriyaji biyu

Volkswagen ya fito da tasa, DSG, a 2003. Kamar buwat biyu ce a cikin kasko ɗaya, ɗaya na riƙe da bitas na ɗaya da na uku da na biyar, ɗayar na biyu da na huɗu da na shida, kowace da nata ambiriyaji. Kafin ka bar wannan bitas, na gaba ya riga ya shiga yana jira. A kan shimfiɗaɗɗen titi babu wadda ta kai ta daɗi. Akwai mai ambiriyaji cikin mai, akwai busasshe, kuma busasshen ne aka fi sakawa a ƙananan motoci irin su Polo, Golf mai ƙaramin inji da Ford Fiesta.

Busasshen faifai ba shi da man da zai kwashe masa zafi. A 2013 Volkswagen ya kira motoci kusan miliyan 1.6 a duniya masu DSG mai bitas bakwai domin a sauya musu mai, bayan an gano matsalar lantarki da ke tasowa musamman a wuraren zafi da yawan tsayawa da tashi. A 2018 kotun tarayyar Ostireliya ta ci kamfanin Ford tarar dalar ƙasar miliyan 10 kan yadda ya bi da ƙorafin masu motocin da ke da buwat ɗinsa PowerShift. Zafi da tsayawa da tashi: ai hoton titunan Yamai ne a watan Mayu. Kuma ƙwaƙwalwar wannan buwat, wadda ta haɗa kwamfuta da famfon mai wuri ɗaya, ba abin da ake gyarawa da sufana da guduma ba ne.

Suna ɗaya, ciki daban

Wani zai ce, "Ni Toyota zan saya, shi ke nan." Kama da wane ba ta wane. Ɗauki Yaris ta 2008. In daga Amurka ta fito, tsohuwar otomatik mai bitas huɗu ce a cikinta. In daga Faransa ko Beljiyam ta fito, mai robo ce. In ƴar'uwarta ce ta Japan da ake kira Vitz, mafi yawansu CVT ne. Jiki ɗaya, shekara ɗaya, tambari ɗaya, buwat uku. Haka Corolla ta Amurka: daga samfurin 2014 yawancinsu sun koma CVT. Sunan kamfani ba ya isa amsa.

Me ya sa nake fifita tsohuwar?

Saboda ƙasar da za a tuƙa motar a cikinta. Babban maƙiyin kowace otomatik shi ne zafi, mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu zafinmu na haura maki 40 kwana da kwanaki. Daga Yamai zuwa Zinder kusan kilomita 900 ne, mota cike da iyali da kaya. In ka sauka daga kwalta, yashi ne ke jiranka a yawancin unguwanninmu. Motar da ta kafe a yashi, direba na jefa ta gaba da baya yana taka totur, wannan na iya ƙona busasshen ambiriyaji ko ya sa bel ɗin CVT ya zame cikin ƴan mintoci. Tsohuwar ma ba ta son haka, amma ta fi su jurewa. Da damina kuma ga ruwa kwance a tituna, wanda in ya shiga buwat ya gauraya da mai, an gama.

Sai batun kayan gyara. Tun da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville a 2023, kaya da yawa suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso. Hanya ta yi tsawo, jira ya ƙaru, farashi ya hau. A irin wannan hali, buwat ɗin da za ka samu a garinku ta fi wadda sai an yi odarta daga waje, komai kyanta.

Sannan mu tuna matsayinmu a wannan ciniki. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa. Mu ne masu saye na uku ko na huɗu. Motar da ta iso mana ta riga ta ci rabin rayuwarta, ba mu san wanda ya tuƙa ta ba, ba mu san man da ta sha ba, kuma lambar kilomita da ke gaban direba ba abin rantsuwa ba ce. Wanda bai san tarihin abu ba, ya zaɓi wanda ya fi yafiya.

Abin da za a ce mini

Za a ce tsohuwar ta fi shan mai, kuma zamanin fetur mai araha daga ƙetaren iyaka ya wuce tun da Najeriya ta janye tallafi a watan Mayun 2023. Gaskiya ne. Amma mu yi lissafi. A ce CVT ta rage maka lita ɗaya a kowane kilomita 100, kai kuma kana yin kilomita 1,000 a wata. Lita 10 ke nan, wajen jika biyar a wata, jika 60 a shekara. Yanzu je ka tambayi farashin buwat CVT ta hannu, ka haɗa da kuɗin aiki da kuɗin manta da na kabu-kabun da za ka hau kana jira, ka ga shekara nawa na tattalin fetur za su tafi a rana ɗaya. Ga ɗan taksi mai yawo tun safe har dare lissafin na iya sauyawa, amma shi wannan yawanci ta hannu yake saye, kuma yana da gaskiya.

Za a kuma ce motocin da ke da tsohuwar buwat sun tsufa, kuma kullum raguwa suke. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma na yarda da ita. Nan da ƴan shekaru mafi yawan ƙananan motocin da za su iso mana CVT ne ko masu ambiriyaji biyu, ko mun so ko mun ƙi. Shi ya sa ban ce a guji CVT baki ɗaya ba. CVT mai lafiya a mota mai ƙarancin shekaru ta fi tsohuwar otomatik da aka azabtar. Amma sai mai saye ya san ita ce, ya san inda zai samu manta na ainihi, ya kuma san makaniken da ya iya ta. In ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓace, a haƙura.

Motoci masu haɗa fetur da lantarki irin su Prius da Yaris Hybrid kuwa, ko da an rubuta e-CVT a takardarsu, ba su da bel. Buwat ɗinsu na cikin mafi ƙarko. Abin dubawa a wurinsu shi ne babban batir, wanda zafi da ƙura ke gajiyar da shi.

Kafin ka miƙa kuɗi

Fara da duba sandar bitas. In babu harafin P, sai R da N da E ko A, mai robo ce. In ka ga P, R, N, D sannan 3, 2, L ko 2, L, yawanci tsohuwar ce. In bayan D sai S ko B ko L kaɗai, yi zargin CVT. DSG kuwa sau da yawa a rubuce take a kan sandar. Ka ɗauki lambar shasi a bincika maka ita a intanet, kada ka tsaya ga maganar dillali.

Ka je gwaji da safe, motar na sanye, kada ka yarda a ɗumama maka ita kafin ka iso. Taka birki, saka D, sannan R: ya kamata ta kama nan take ba tare da bugu ko dogon jinkiri ba. Daga nan ka tuƙa ta aƙalla rabin awa, cikin gari da kan babban titi, domin cuta da yawa sai buwat ta yi zafi take fitowa. In inji ya yi ƙara gudu bai ƙaru ba, ko ta yi rawa wajen tashi, ko ka ji kuka mai tsini, ajiye makulli. In akwai sandar auna mai, zaro ta ka shafa a farar takarda: man da ya yi baƙi yana warin ƙuna ya gaya maka komai. Ka biya a haɗa ta da kwamfutar gwaji. Jika kaɗan ne, kuma mai motar da ya ƙi wannan ya riga ya ba ka amsa.

In ka saya, sauya man buwat da irin wanda kamfani ya rubuta, ka tsaya a zuba a gabanka daga galan rufaffe. Kada ka yarda da zancen cewa man buwat na har abada ne. A zafinmu, a ganina kada ya wuce kilomita 40,000 zuwa 60,000. Ka sani kuma tsohuwar otomatik da CVT ba sa tashi da turi in batir ya mutu, kuma ba a ɗaura musu igiya a ja su tafiya mai nisa tayoyin gaba na ƙasa.

Nauyin ba na mai saye kaɗai ba ne. Masu saida motoci su riƙa rubuta irin buwat a jikin gilashi kamar yadda suke rubuta shekara da farashi. Wanda ya yi haka ba zai rasa ciniki ba, amana zai samu. Cibiyoyin koyar da sana'a da ƙungiyoyin masu gareji su sa CVT da kwamfutar gwaji cikin abin da ake koya wa yara, domin motocin gobe ke nan. Makanike kuma ya sani cewa faɗin "wannan ban iya ta ba" ba abin kunya ba ne. Da wanda ya taɓa motar ƙanwata ya faɗi haka, da watanni biyar na albashinta ba su tafi a banza ba.

Ta samu wata buwat daga ƙarshe, kuma motar na tafiya. Yanzu galan ɗin manta na cikin but, ba ta barin kowa ya zuba mata wani. Kwanan baya wata abokiyar aikinta ta ce za ta sayi otomatik, sai na ji ta tambaye ta, "Wace iri daga cikin huɗun?"